Tumatirin Bokiti: Shawarwari Ga Masu Baranda A Abuja

Duk mai yin cefane a Abuja ya san watannin da tumatir ke ɗaga kai. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuli, lokacin da na rani ya ƙare a Kadawa da Kura da Ɗanja, na damina kuma bai iso ba, sai ka tarar da mai kayan miya a kasuwar Wuse ko ta Dutse ya jera guda huɗu a faranti, yana kiran kuɗin da a Fabrairu zai cika maka roba. A 2024 babban kwando ya haura naira dubu ɗari a wasu kasuwannin ƙasar nan, mata suka koma wa kauɗa da karas da tumatirin leda. A shekarar ce na fara shuka a barandar gidan haya a Kubwa, hawa na biyu, gidan da mai shi ya malale tsakar gida da siminti har bakin ƙofa.

Tun da wuri in faɗi gaskiya: bokiti biyar ba za su raba ka da kasuwa ba. Gidan da ake ɗora jar miya kullum, baranda ba ta ciyar da shi. Abin da bokiti zai ba ka shi ne na yankawa a kan garau-garau, na kwaɗon zogale, na soya ƙwai da safe, a watan da na kasuwa ya gagari aljihu. Yana kuma da abu ɗaya da gonar Kadawa ba ta da shi, wato mariƙi. Ana ɗaga shi a kauce wa rana, a kauce wa ruwa, a kauce wa akuya. Rabin shawarwarin nan a kan mariƙin nan suka rataya.

1. Auna rana kafin ka sayi komai. Ranar Asabar da kake gida, riƙa leƙa wurin da kake nufi, ka rubuta ƙarfe nawa rana ta sauka a kai, ƙarfe nawa ta bar shi. In bai kai awa shida ba, tumatir zai tsiro, ya miƙe siriri kamar tsinken tsintsiya, amma 'ya'ya sai dai a hoto. Irin wannan wuri na alayyafo ne da na'ana'a.

Masu bidiyon lambu na Turai da Amurka kullum cewa suke a nemi taga mai kallon kudu. Don ƙasarsu suke faɗi. Abuja na kusa da tsakiyar duniya, digiri 9 kacal, saboda haka rana tsaka ta kan rufi take bi. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ma arewa take ɗan karkata, sai barandar kudu da ta ƙoshi da rana a Disamba ta koma inuwa a Yuni. Wurin da na fi yarda da shi shi ne mai kallon gabas, wajen alƙibla: ya sha hantsi, ya tsira daga ƙunar la'asar. Na yamma yana yi da sanyi, amma a Maris dafa ganye yake.

2. Iri shi ne rabin aikin. Tumatir gida biyu ne. Akwai mai yaɗo, wanda ba ya daina tsawo sai ya mutu. Akwai mai tsayawa, wanda ke kai wani tsayi ya dakata, ya zuba 'ya'yansa kusan lokaci guda. A cikin masu tsayawar akwai wadanni na gaske. Micro-Tom, wanda Jami'ar Florida ta fitar a 1989, da ƙyar yake wuce santimita 20. Tiny Tim ya girme shi, daga Jami'ar New Hampshire ya fito a 1945, iyakarsa wajen gwiwa. Akwai Red Robin, wanda hukumar NASA ta shuka a tashar sararin samaniya aka girbe a 2023. Duk ukun 'ya'yansu ƙanana ne kamar na kanya. Tun tsakiyar shekarun 2000 kuma wasu masu sha'awar lambu, Craig LeHoullier a Amurka da Patrina Nuske Small a Ostareliya, suka haɗa 'yan sa-kai suna auratayyar iri don a samu gajeren ice mai manyan 'ya'ya. Da yake idan sanyi ya shiga Amurka zafi ne a Ostareliya, sai suka riƙa aika wa juna iri suna yin zubi biyu a shekara. Yanzu sun fitar da iri sama da ɗari.

To amma mu dawo Abuja. Waɗannan sunaye ba kasafai ake ganinsu a shagon kayan noma ba, sai a hannun masu talla a intanet, cikin 'yar leda ba suna ba kwanan wata. Ni na taɓa faɗawa. Aka ce mini wada ne, na shuka, kafin wata biyu ya kama ƙarfen baranda yana neman hawa na uku. Uwargida ta dube shi ta ce, "Maigida, wannan tumatir ne ko igiyar shanya?" Ba ni da amsa.

A ganina, in don sha'awa ne da koya wa yara, nemi Tiny Tim ko Red Robin a hannun wanda ka ga shukarsa da idonka. In don tukunya ne, kada ka wahalar da kanka: Roma VF, ko Rio Grande, ko UC82B wanda 'yan kasuwa ke ce wa UTC. Duk masu tsayawa ne, daga gwiwa zuwa ƙugu, suna zama a bokiti lafiya, kuma namansu ya fi ruwansu yawa. Na damina kuwa gara a ƙara kuɗi a sayi irin aure mai jure cuta, kamar Cobra F1 ko Padma F1. Duba ranar lalacewa a jikin takarda. In akwai tambarin Seedcodex na Hukumar Kula da Ingancin Iri ta Ƙasa, kankare ka tura lambar. Wanda kuma ke son ɗan'uwa ya taho masa da iri daga waje, ya sani shigo da iri sai da izinin hukumar killace kayan gona.

3. Bokiti ɗaya, tushe ɗaya. Tsohon bokitin fenti mai lita 20, a wanke shi tas, ya ishi Roma guda. Guda na ce. Kwaɗayi zai ce ka sa uku, su ukun su yi ta kokawar abinci ba wanda ya yi kirki. Wadanni kuwa mazubi mai lita 5 ya wadatar, irin babbar robar kastad. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 in an yanke samanta tana yi. Buhun shinkafa ma yana yi, sai dai rana na cinye shi cikin zubi ɗaya, kuma ba ya ɗaguwa. Jarkar da ta taɓa ɗaukar baƙin mai ko maganin feshi, a bar ta inda take.

A ƙona ƙusa a huda gindin wuri takwas ko goma, a ƙara uku ko huɗu a gefe daga ƙasa. A ɗora bokitin kan bulo ko katako, don siminti da rana tsaka kasko ne. In baƙi ne, a naɗe shi da buhu ko a shafa masa farin fenti. Tukwanen ƙasa na matan Ushafa ko na Giri sun fi kowane roba daɗin zama ga saiwa, don yadda randa ke sanyaya ruwa haka suke sanyaya ƙasa. Aibinsu biyu: suna shanye ruwa da wuri, kuma ba su da mariƙi.

4. Kada ka ɗebo jar ƙasar bayan gida ka zuba kawai. A bokiti, in ta jiƙe ta zama taɓo, in ta bushe ta zama bulo. Haɗin da nake yi: mudu biyu na baƙar ƙasa, mudu ɗaya na ruɓaɓɓen taki, mudu ɗaya na ɓuntun shinkafa, ƙonanne ya fi, in babu a sa yashi mai kaushi. Masu sayar da furanni a bakin titi suna da baƙar ƙasa a buhu. Kashin shanu akwai shi a karar Dei-Dei, na kaji a gidajen gonar Kuje. Sharaɗin shi ne ya ruɓe sosai, ya daina wari, ya yi baƙi yana murmushewa a hannu. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake cikin kwana biyu.

Dunƙula haɗin a hannu bayan ka ɗan yayyafa ruwa. In ya dunƙule, ka taɓa shi da yatsa ya warwatse, ya yi. In kana da hali, tun a Maris ka jiƙa ƙasar ka ɗaure ta a farar leda, ka bar ta a rana mako huɗu. Zafin na rage tsutsar saiwa da ƙwayoyin cuta da 'ya'yan ciyawa.

5. Bi kalanda. Nan ne mutane suka fi faɗuwa, su ce hannunsu ne ba ya shuka. Daga yafa iri zuwa dashe mako uku zuwa huɗu ne. Daga dashe zuwa tsinkar fari wajen wata biyu zuwa biyu da rabi. Wato duk ranar da ka zuba iri, ƙirga wata uku.

Zubi mafi sauƙi shi ne na Oktoba, ruwa na ɗaukewa. Fure zai zo cikin hunturu, dare da sanyi, ganye a bushe, cuta kaɗan. Ka ci a Janairu da Fabrairu. Wanda bai taɓa yi ba da wannan ya kamata ya fara, don ya ga nasara da idonsa. Sai dai abin dariyar shi ne, a daidai wannan lokaci motocin Kano da Katsina ke sauke kaya a Dei-Dei da kasuwar Orange ta Mararaba, tumatir ya zama na banza, maƙwabci ya riƙa tambayarka wahalar me kake.

Zubin da ke da riba shi ne mai wuya. A yafa iri ƙarshen Maris a inuwa, a dasa ƙarshen Afrilu, fure ya zo a Mayu bayan ruwa ya kashe kaifin zafi, a fara tsinka ƙarshen Yuni. Abin da ke kashe tumatirin gona a wannan lokaci shi ne dukan ruwa, da ƙasar da ke fallatsa kan ganye, da saiwar da ke kwana cikin taɓo. Kai kuwa kana da rufi kana da mariƙi. Da safe ka tura bokiti bakin baranda ya sha rana. Hadari ya haɗo, ka jawo shi ciki. A Agusta, da Abuja ke yin kwana uku ba a ga rana ba, girma zai ja baya. Kada ka biya shi da ƙarin ruwa ko taki, jira kawai.

Zubin da ban ba kowa shawara ba shi ne na Janairu, don furensa zai faɗa tsakiyar zafin Maris.

6. Reno da dashe. Kofunan roba da aka huda, ko kwalin ƙwai, sun isa. Ƙwaya biyu a kowane kofi, zurfin rabin farce. Cikin mako guda za su fito. Tun ranar da suka leƙo a kai su hasken safe, in ba haka ba su yi dogon wuya su kife. A tsinke raunanan, a bar ɗaya. In ya yi ganye huɗu ko biyar, a dasa da yamma bayan la'asar, a binne karan har kusa da ganyen farko, domin tumatir na fitar da saiwa a duk inda ƙasa ta taɓa jikinsa. A kafa masa 'yar sanda tun ranar, ba sai ya girma a soke saiwa ba.

7. Ban ruwa da yatsa ake yi, ba da agogo ba. Tura yatsa gaɓa biyu cikin ƙasa: in da danshi, bari, in a bushe, zuba a hankali har ya ɗigo ta ƙasa. Da safe, a gindi, ba a kan ganye ba. Da hunturu kusan kullum ne, don iskar na tsotse bokiti ko da gari da sanyi. A Maris safe da yamma. Da damina wani lokaci sai a kwana uku. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntu.

Mai sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa ba sai ya ƙara jarka ba. Ruwan alwala, na wankin shinkafa, na wanke kayan miya, da wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, duk suna yi. Na wanki mai omo ko bilic kam a'a. In ka sa faranti a ƙarƙashi don kada ruwa ya sauka wa na hawan ƙasa a kan shanya, riƙa zubar da shi kullum, kada ka yi kiwon sauro.

In ka ga gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotse kamar an ɗosana masa wuta, ba ƙwaro ba ne. Yau ƙishi gobe ambaliya ne ya hana sinadarin kalsiyam isa can. Za a ce maka ka zuba ɓawon ƙwai. Ɓawon ƙwai sai ya yi watanni bai narke ba. Daidaita ban ruwa, na gaba za su fito lafiya.

8. Taki kaɗan-kaɗan. Mako biyu bayan dashe, murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK 15-15-15, a binne a gefen bokiti nesa da kara, a bi da ruwa. A maimaita duk mako uku. Wadanni rabin haka. Yuriya kuwa ka kiyaye ta: za ta ba ka ganye kore shar mai ban sha'awa, fure babu. In fure ya fara, ɗan barbaɗen tokar itace yana taimakawa.

9. Kada ka yi masa aski. Tsinke rassan hammata aikin mai yaɗo ne. Gajere duk reshen da ka cire 'ya'ya ka cire. Ganyen ƙasa da ya yi rawaya ko yake taɓa ƙasa kaɗai ake ɗaukewa.

10. In fure na zubewa, dalili biyu ne galibi. Na farko zafi: in rana ta wuce digiri 32, dare kuma bai sauka ba, garin furen lalacewa yake, fure ya bushe ya faɗi. Magani shi ne a janye bokiti inuwa daga azahar. Na biyu rashin motsi. Furen tumatir shi kaɗai yake auren kansa, amma sai iska ko ƙwaro ya girgiza shi. A bayan gilashi ko a lungun baranda babu ko ɗaya. Da hantsi, wajen ƙarfe goma, ɗan ƙwanƙwasa sandar ko reshen furen da yatsa sau uku ko huɗu. Wannan aiki yara na son sa. A dai nuna musu ƙarfin da ya dace.

11. Juya ganye ka duba bayansa, sau biyu a mako. Abokan gaba a can suke kwana. Farin ƙuda, ɗan mitsitsi da ke tashi kamar ƙura in an taɓa ganye, shi ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganye ta tsugunar da shuka. A rataya 'yar roba ruwan ɗorawa da aka shafa wa basilin, launin na jan su su manne. Sai sharon, wanda a littafi ake kira Tuta absoluta, ɗan malam-buɗe-littafin da asalinsa Kudancin Amurka ne, ya shigo Sifen a 2006, ya yi wa gonakin arewa ɓarnar da ta sa Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a Mayun 2016. Tsutsarsa na shiga tsakanin fatar ganye ta ci, ta bar fari-farin tabo kamar leda. Manomi mai eka biyar ba ya iya bin ganye ɗaya-ɗaya. Mai bokiti biyar yana iyawa. Tsinke ganyen, murƙushe shi, ɗaure a leda ka jefar. Kada kuma ka ajiye kwandon cefane kusa da shukarka, don ta cikin tumatirin kasuwa yake shigowa gida.

Feshin da nake yi na dogon yaro ne: cikin tafi biyu na busassun 'ya'ya, a daka, a jiƙa a lita ɗaya ya kwana, a tace, a ɗiga ruwan sabulu kaɗan, a fesa da yamma har bayan ganye. Tsohon gidan sauro da ya riga ya yage, ba sabon da aka raba don yara ba, yana zama rumfa mai kyau, a wanke shi tukuna. Sniper da ota-fiya-fiya kada su kusanci abin da za a ci, balle a barandar da yara ke wasa. NAFDAC ma ta taƙaita sayar da Sniper tun 2019.

Akwai cuta ɗaya da ba ta da magani. Shuka na kore lafiya, dare ɗaya ta yi laƙwas, ka ba ta ruwa ba ta farfaɗo ba. Yanke karan ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa. In wani farin zare kamar madara ya fara saukowa, ƙwayar cutar yaushi ce. A zubar da shukar da ƙasarta nesa, a wanke bokitin da bilic. A gona da ta mamaye fili. A nan bokiti ɗaya ta ci.

12. Maganar cikin ɗaki. Tsakiyar falo, ko kusa da tagar da ke da labule da raga da ƙarfe, ba ya ba da tumatir, ko wada ne. Sai da fitilar LED ta shuka, a rataye taƙi ɗaya ko biyu sama da ganye, awa 14 kullum. Yi lissafi: fitila mai wat 30 za ta ci yunit 12.6 a wata. Masu layin Band A tun Afrilun 2024 suna biyan sama da naira 200 kan yunit, wato sama da naira 2,500 a wata, wata uku kafin ka ga jan abu, kan tushe ɗaya ko biyu. Mai sola da ke da rarar wuta da rana ya gwada. Sauranmu, dakalin taga ta waje ya fi.

13. Iskar farkon damina a Abuja ba ta wasa. Kada a ɗora bokiti kan katangar baranda. Cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya kai nauyin da zai kashe mutum in ya faɗo. A ƙasa kuma, akuya da kaji da ɓera. Ƙadangare na jiran tumatir ya nuna ya ɗan gatsa ya bar maka saura.

14. Saboda ƙadangaren nan, tsinke tumatir tun ya fara sirkin ja, ka ajiye a faranti a ɗaki, ba a firji ba. Cikin kwana uku ko huɗu zai ƙarasa, ɗanɗanonsa bai ragu ba, kuma ya tsira daga tsagewar da ruwan sama ke jawowa. In tushe ya gama zubi, gajere ba ya sabon rai, a tumɓuke. Kada a mayar da tumatir ko attarugu ko tattasai ko yalo cikin wannan ƙasa, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Alayyafo ko albasa mai lawashi su gaje ta.

Roma VF da UTC da Tiny Tim da Red Robin ana ajiye irinsu su fito kamar uwarsu. Duk mai F1 a sunansa ba a ajiyewa, jikokinsa kowa da kamarsa. Zaɓi nunanne daga tushen da ya fi lafiya, matse ƙwayoyin a kofi da ɗan ruwa, bar su kwana biyu ko uku har farar kumfa ta taso, wanke a rariya, shanya a faranti a inuwa mako guda. A zuba a takarda, ba leda ba, a rubuta suna da wata, a sa a kwalba mai murfi. Nawa na cikin tsohuwar kwalbar bama a saman kabad, an rubuta "Roma, Fabrairu" da rubutun 'yata.